Yadda za ku karrama waɗanda suka daɗe suna yi wa coci hidima kyauta

Duk cocin da ka shiga a Jos, COCIN ne ko ECWA ko Katolika ko Angalika ko Baptis, akwai wasu mutane da in ba su zo ba ranar Lahadi kowa sai ya ji a jikinsa, amma in sun zo babu mai lura da su. Maman da take share majami'a duk Asabar da yamma tun ƙasan yana siminti ba a sa tayil ba, baban da makullin get yake hannunsa, malamar makarantar Lahadi da ta koyar da yara har yaran suka girma suka haifi nasu suka sake kawo mata, mai kaɗa ganga a kwaya da gashin kansa ya yi fari a kan benci ɗaya. Babu albashi, babu alawus, wani lokaci ma kuɗin keke daga aljihunsu yake fita. Toh in cocinku ta yi niyyar ware rana ta ce musu an gode, ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin, kuma tun yanzu in faɗa muku, ranar bikin ba ita ce mai wuya ba, wahalar tana wajen zaɓen sunaye, a nan ne ake gyarawa ko a ɓata.

Da farko kar ku fara komai sai fasto da dattawa sun sani sun kuma amince, ko da ra'ayin daga matasa ya fito ko daga Zumuntan Mata. A kai maganar zaman majalisar coci a rubuta ta cikin minit. In abin zai wuce coci ɗaya sai a bi matakan majalisun coci daga ƙasa zuwa sama, a COCIN daga CC zuwa LCC zuwa RCC, a ECWA daga LCB zuwa LCC zuwa DCC, a Katolika kuwa Fada, wato limamin cocin, da majalisar faris ne za su ba da hannu. Ba wai son tsawaita magana ba ne, abin da aka fara a gefe ba tare da shugabanni ba ko ya yi kyau sai an samu mai cewa waye ya aike ku.

Sai kwamiti. Ƙarami ya fi, mutum 5 ko 7 sun isa, a samu mace daga Zumuntan Mata, a samu matashi ɗaya mai iya kwamfuta da waya, magatakardan coci, da dattijo ko dattijuwa da aka san tun ana sujada a ƙarƙashin rumfa suna nan. Wannan na ƙarshen kar a yi wasa da shi, sabida fastoci ana musu canjin wurin aiki, Baba Rabaran da ya zo shekara 3 da suka wuce ba zai san wanda ya ɗauki bulo a ka lokacin gini ba, ba laifinsa ba ne. Kuma duk wanda ya shiga kwamitin ya sani ba za a karrama shi a wannan shekarar ba, shi da matarsa ko mijinta. A faɗa tun ranar farko kowa ya ji, wanda bai yarda ba ya koma gefe lafiya lau.

Kafin a ambaci sunan kowa, a zauna a rubuta ƙa'ida. Wannan shi ne abin da kwamitoci suka fi tsallakewa, sai su fara da "ai Mama wance dole ta shiga", daga nan kowa ya jefo nasa, kafin a ankara lis ya kai mutum 60 kuma rabinsu dangin 'yan kwamiti ne. Ku yanke shekaru nawa ne mafi ƙaranci, 20 ne ko 25, ku yanke cewa hidimar ta sa kai ce ba wadda ake biya ba, ku yanke mutum nawa za ku iya ɗauka a bana bisa ga kuɗin da ke hannu. Ni a ganina gara mutum 10 da aka yi musu da kyau da mutum 40 da aka kira su a jere aka miƙa musu takarda ana sauri don lokaci ya ƙure. Sauran a sanar a fili cewa abin zai ci gaba baɗi, kuma a cika alkawarin.

Akwai wata magana da ba a son faɗa amma dole in faɗa. Wanda ya ba da kuɗi daban, wanda ya ba da ƙarfinsa da shekarunsa daban. Mai girma Honarabul da ya sayi janareto ko ya biya kuɗin rufi ya yi abin kirki, a gode masa, a rubuta masa wasiƙa, in ana so a ware masa wata ranar. Amma da zarar an sa shi cikin wannan lis ɗin, shikenan ranar ta zama tasa, emsi zai ɓata minti 15 yana jero muƙamansa, masu hoto duk su koma wajensa, ita kuma Maman da ta yi shekara 30 tana wanke kofunan jibin Ubangiji a kira ta a ƙarshe mutane sun fara fita. Wasiƙar Yakubu sura 2 ta riga ta yi mana kashedi a kan ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau a bar talaka a tsaye, ba sabon abu ba ne. In kakar zaɓe ta gabato kuwa sai a ƙara kula, don a lokacin ne masu neman kujera suke tuna hanyar kowace coci.

Toh ina za a samo sunayen? A fara da takardu, littafin minit na dattawa, rajistar baftisma, littattafan ƙungiyoyi, tsofaffin kalanda da shirin bukukuwa. Amma a Jos kar ka dogara da takarda kaɗai. Rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 sun sa mutane da yawa sun tashi daga unguwannin da suka saba, wasu majami'u sun ƙone harda takardunsu, wasu membobi sun koma Bukuru ko Rantya ko Dadin Kowa suna sujada a wani wurin, wasu sun yi ritaya sun koma gida Pankshin ko Mangu ko Langtang ko Shendam. Mutumin da ya yi wa cocinku shekara 25 kafin ya tashi bai daina zama naku ba don ba ku ganinsa. Sai an tambayi tsofaffi, a zauna da su da kunu a bar su su yi ta hira, sunaye za su fito da ba su cikin kowane littafi.

Sannan a ba kowace ƙungiya fom ta kawo sunaye biyu ko uku da dalili: Zumuntan Mata, Zumuntan Maza, kwaya, Sabon Rai, makarantar Lahadi, Boys' Brigade da Girls' Brigade, masu tarbar baƙi, a Katolika kuma ƙungiyoyin mata da maza da matasa, wato CWO da CMO da CYON, da katekis na ƙananan majami'u da ke ƙarƙashin faris. Amma ku lura, ƙungiya shugabanninta take kawowa, tsohuwar shugaba, tsohon ma'aji, an saba. Aikin kwamiti ne ya tambaya, wa yake yin aikin da ba shi da muƙami? Matan da in an yi rasuwa su ne suke kwana a gidan makoki suna hura wuta. Masu zuwa asibitin JUTH da na Jankwano gaishe da marasa lafiya ba wanda ya aike su. Mai fassara wa'azi daga Turanci zuwa Hausa da yake tsaye kusa da mai wa'azi shekara da shekaru babu wanda ya taɓa tafa masa. Masu ƙirga baiko bayan kowa ya tafi gida cin abinci. Da masu tsaron ƙofa, waɗannan kam kar a manta da su ko kaɗan, tun 2012 da aka kai harin bam cocin hedkwatar COCIN a watan Fabrairu da St. Finbarr's na Rayfield a watan Maris, akwai mutanen da suke tsayuwa a get suna duba motoci da jakunkuna, wa'azi ma daga lasifika suke jinsa in sun ji, kuma sun san abin da tsayuwar nan take nufi.

Abubuwa biyu masu nauyi za su taso. Wanda ya cancanta amma yana ƙarƙashin horon coci sabida wani laifi, wannan ba maganar kwamiti ba ce, a miƙa wa fasto da dattawa a rufe baki. Sai waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, a zaɓi kaɗan a kira iyalansu su karɓa, amma kar su fi masu rai yawa. Mun iya yabon mutum a ranar jana'iza sosai, tarihi shafi uku, ƙungiyoyi da anko, shi kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba. Dalilin wannan ranar ke nan, a faɗa masa yana ji da kunnensa.

In sunaye sun tabbata, kar a aika saƙon WhatsApp, kar kuma su fara ji daga sanarwa a coci. Mutum biyu daga kwamiti su taka har gida. A gaisa yadda ya kamata, Baba ina gajiya, Mama yaya sanyi, yaya jikoki, sai a kawo maganar a hankali. A nan ne za a tattara tarihin, wace shekara aka fara, wane fasto ne a lokacin, me ya fi wuya, wa ya jawo su cikin aikin. A bar matashin nan ya ɗauki murya a waya in sun yarda. A tambayi yadda ake rubuta sunansu daidai, harafi da harafi, sabida sunayen Berom da Ngas da Mwaghavul da Tarok da Afizere in ka bar wa mai firinta ya rubuta da ka, za ka sha mamaki, kuma babu abin da ke kashe jiki irin a miƙa wa dattijo allon yabo da sunansa a karkace. A kuma tambayi 'ya'yansu a gefe abin da Baba ko Mama suka fi bukata a yanzu.

Wasu za su ƙi. Za ka ji "a'a ɗana, ni don Ubangiji na yi, ladana yana sama, kar ku rage mini". Da gaske suke, kar a yi musu dariya. Abin da za a iya tuna musu shi ne Bulus da kansa a Romawa sura 16 ya jero sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Fibi, ya ambaci wata Maryamu da ya ce ta yi wahala sosai dominsu, kuma a 1 Tasalonikawa 5 ya ce a girmama masu fama da aiki a cikin jama'a. A ce musu Mama ba don ke kaɗai ba ne, don yaran nan ne su ga cewa ana yi. Yabon gwani ya zama dole. In duk da haka mutum ya tsaya a kan bakansa, kar a tilasta, fasto da dattawa biyu su je gida su yi addu'a su ajiye kyautar, ya wadatar.

Maganar kuɗi. Don Allah kar a mai da ranar ta zama lanchin. Kar a ce wanda za a karrama ya biya kuɗin fom, ko ya sayi anko, ko ya kawo kula biyu na shinkafa, ko a buga masa ambulan 50 ya raba wa 'yan uwa su zo su "tallafa masa" a gaban jama'a ana kiran adadi a makirfo. Wannan ba karramawa ba ce, tara kuɗi ne da sunan tsofaffi, kuma wanda 'ya'yansa ba su da hali zai koma gida da kunya maimakon murna. A nemi kuɗin tun da wuri daga asusun coci, daga ƙungiyoyi, da baiko na musamman Lahadi ɗaya ko biyu, da 'ya'yan cocin da suke aiki Abuja ko Legas ko waje waɗanda yawancinsu ta hannun malaman nan suka bi, in aka kira su aka ce Malama wance ce za a karrama, da wuya su ƙi. Komai ya bi ta hannun ma'aji da rasit. Kuma shawarata kaso mafi girma ya tafi ga kyautar mutanen, ba ga kanofi da ado da kek ba.

Kyautar kanta kashi biyu ce, abin ratayewa a bango da abin amfani. Satifiket a firem ko allon yabo yana da kyau, tsofaffi suna son shi fiye da yadda muke zato, za ka same shi a falo kusa da hoton aure. Amma allo ba ya maganin sanyin Disamba. A haɗa da bargo mai kauri ko suwaita, turmin atamfa, Littafi Mai Tsarki na Hausa mai manyan haruffa da Littafin Waƙoƙi sabo tunda nasu ya yayyage, a duba Challenge Bookshop ko sauran shagunan littattafan coci. Wani buhun masara ko acca ne zai fi masa, wata gwajin ido da tabarau, wani kuma kwano biyu na rufin ɗakinsa da ke yoyo, matasa su je ranar Asabar su buga. In coci tana da hali, a bincika yadda ake yi wa mutum rajistar inshorar lafiya ta jiha a PLASCHEMA a biya masa na shekara, wannan ya fi agogon bango sau goma. Abin da za a miƙa a gaban jama'a dai ya zama iri ɗaya ga kowa, girman allo ɗaya, ambulan ɗaya. Taimako na musamman a kai shi gida a ɓoye.

'Yan Katolika suna da wata ƙofa ta daban. Akwai takardar albarkar Paparoma da ake nema daga Vatican da sunan mutum a jiki, akwai kuma lambobin yabo irin Benemerenti da Pro Ecclesia et Pontifice wadda Paparoma Leo na 13 ya kafa a 1888. Lambobin nan ba kwamiti ke nema kai tsaye ba, Fada ne zai rubuta wa Akbishop, daga can a bi ta ofishin jakadan Paparoma, abin yana ɗaukar watanni kuma ba kowa ake ba ba, don haka kar a yi wa kowa alkawari kafin ta iso.

Rana kuma, a guji tsakiyar damina in za a zauna a waje, ruwan Yuli da Agusta na Jos ba ya jin roƙo. Nuwamba da Disamba sun cika da godiyar kaka da aure da Kirsimeti. Ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu ya fi sauƙi, masu kiyaye azumi kafin Ista su duba kalanda kar ya faɗa ciki. Ko a haɗa da ranar tunawa da kafa cocin. Ni na fi son a yi shi cikin sujadar Lahadi, in akwai ta Hausa da ta Turanci a haɗe su ranar, domin in aka ce ƙarfe 4 na yamma rabin mutane ba za su dawo ba.

A ranar a tura mota ta ɗauko waɗanda ƙafa ta gaza, a ajiye musu kujeru masu hannu a gaba tare da iyalansu, wanda ba zai iya hawa matakala ba fasto ya sauko wurinsa. Tarihin kowa kar ya wuce minti 2 ko 3, kuma a bar dogon Turanci, a faɗi abin da ya faru da gaske, "tun 1994 take koyar da ajin yara, lokacin da babu aji a gindin mangwaro take yi". Magana ɗaya irin wannan ta fi "jajirtacciya mai kishin aikin Ubangiji" da za a faɗa wa kowa. A karanta da harshen da mai karɓa yake ji. In ana so a ga hawaye na murna, a ce duk wanda ya taɓa zama a ajin Mama ya miƙe tsaye, sai ka ga rabin coci a tsaye harda dattawa. Kuma a bar ɗaya daga cikinsu ya miƙa kyautar tare da fasto, ba lallai sai babban baƙo ba. Zumuntan Mata su tayar da waƙa da tulu da kacau-kacau, in da hali da yaren wanda ake karramawa, a bar su su taka. Mutum ɗaya ya yi godiya a madadin sauran, a zaɓe shi tun kafin ranar a gaya masa minti nawa, in ba haka ba makirfo ya shiga hannun Baba sai ƙarfe 2. A rufe da addu'a a ɗora musu hannu.

Abinci ba sai an yi ƙarya ba, gwate da masa da shinkafa da zobo ko kunu sun isa, amma a fara ba su kafin kowa, a zaune, a faranti, kar a bar su cikin layin tekawe suna turereniya da yara. A tuna da yawa cikinsu suna fama da hawan jini ko suga, a tanadi ruwa da abin da ba zaƙi. Kuma ranar nan kar a ga Mama ta ɗaura zani ta nufi kicin, za ta gwada, a sa mutum ya tsare ta.

Bayan biki a wanke hoto a kai wa kowa nasa cikin sati biyu, ba a bar shi a wayar wani ba. Kafin a sa hoton kowa a Facebook a tambaye shi. A buɗe littafi na musamman a ofishin coci a rubuta sunaye da shekaru da aikin kowa, a ajiye muryoyin da aka ɗauka a wuri fiye da ɗaya. Sannan a kula da wani abu, wasu tsofaffin suna ɗaukan karramawa kaman sallama ce, wai an ce su sauka ke nan. Fasto ya faɗa a fili cewa ba ritaya aka yi musu ba, mai ƙarfin ci gaba ya ci gaba, wanda ya gaji kuma a haɗa shi da matashi ya koya masa aikin kafin ya huta. Kwamiti ya rubuta rahoton kuɗi ya karanta wa majalisa, ya miƙa sauran sunayen da ba su samu shiga ba ga waɗanda za su shirya na baɗi, a sa wata da rana tun yanzu a cikin kalandar coci.